Shunin Hannunki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinta na Jiratawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci ɗa ga uwarsa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, kabari ya yi miki faɗi. Ina gaishe ki da kwanciya, Inna. Mu nan muna lafiya gwargwadon abin da tsufa ya bari. Surukarki Rabi tana gaishe ki. Har yau idan ta dama fura ta yi ruwa sai ta ce da kina nan da kin yi magana.

Na san ba ki karanta boko ba, kin kuma rasu ba ki yafe masa ba. Amma shi kaɗai ya rage mini cikin abin da aka ɗauke ni dominsa, don haka da shi zan yi miki magana. Idan wasu 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko irina, suka leƙa, su leƙa. Babu abin da zan gaya miki da zan ɓoye musu.

Labarin da na zo da shi gajere ne: ɗanki, tafintan kumandan, Nasaran da ke mulkin Maraɗi, ya zama marini. Kada ki yi dariya tukuna, bari in ɗauko miki shi daga tushe.

Kin tuna safiyar da gardawan kumandan, wato dogaransa, suka zo Jiratawa neman yaron da za a kai lakwal. An ce kowane gari ya ba da ɗa. Mai gari yana da 'ya'ya cike da gida, 'yan'uwansa ma haka, amma da aka duba aka duba sai ido ya faɗa kan ɗan matar da mijinta ya mutu, wadda ba ta da mai tsaya mata. Kina tsakar gida kina dakan ganyen baba, wanda kike curawa ki shanya ki sayar wa marina.

Ni ne ɗanki na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Kai wanga" kike ce mini. Ko tuwo za ki ba ni sai ki ajiye ki kau da kai, kamar wani kika ajiye wa. Haka alkunya ta ce, haka kika yi, duk garin ba wadda ta fi ki. Amma ran nan da gardi ya kama hannuna na hagu, sai kika yar da taɓarya kika kama na dama, gaban mai gari, gaban maza, gaban kowa. Ba ki yi kuka ba. Riƙewa kawai kika yi, har sai da mata biyu suka ɓamɓare yatsunki ɗaya bayan ɗaya.

Sai da muka yi nisa na dubi wuyan hannuna, na ga yatsunki kwance a kai, shuɗi mai duhu. Malamin lakwal ya ce datti ne, ya ba ni sabulu da toka. Na dirje hagu sosai, dama kuwa ruwa kawai nake shafa mata in ɓoye ta cikin hannun riga. An kwana biyu kafin ya ɓace. Ranar da na duba ban gan shi ba, ranar na yi kukan barin gida.

Na yi karatu, Inna, ban yi wasa ba. Daga Maraɗi aka tura ni gaba, na dawo da Faransanci a baki kamar cikinsa aka haife ni. Aka tsayar da ni kusa da kujerar kumandan ina juya magana, aka ɗinka mini kwat da wando farare ƙal. Shekara ashirin da wani abu ina tsaye a wurin nan. Kumandan ya tafi, kumandan ya zo, ni ina nan kamar ginshiƙin biro, wato ofishinsu. Har na ɗauka ni ma ɗan gida ne.

Ranar da na fara zuwa gaishe ki cikin fararen kayan, kika dube su daga sama har ƙasa, sannan kika juya kika gaya wa bango, tunda ba kya magana da ni kai tsaye: "Zanen aro ba shi rufe katara." Na ji haushi. Na ce a raina tsohuwa ba ta san duniya ta sake ba. Allah ya ɗauke ki kafin maganarki ta cika, ban sani ba ko ke aka tausaya wa ko ni.

Bayan yaƙin Nasara, bayan ruwan da ya ci tsohuwar Maraɗi aka hau da gari tudu, sai aka kawo sabon kumandan, shi kuma ya zo da nasa tafintan, wani saurayi mai takardar babbar makaranta. Wata safiya ina shirin shigo da masu ƙara sai kumandan ya kira ni. Bai ce na yi laifi ba. Ya ce na yi aiki, na gaji, in je in huta. Ko rubutun da yake yi bai tsayar ba. Ni da na saba juya wa mutane maganar da ba su son ji, ran nan babu wanda zan juya wa, kai tsaye ta shige ni. Na fito, masu ƙara suka miƙe suna "Ranka shi daɗe, tafinta." Na wuce ban amsa ba, don ban san ko har yanzu da ni suke ba.

Ina da arba'in da 'yan kai, gemu ya fara furfura. Ban iya riƙon hauya ba, ban iya awo ba, ban iya ɗinki ba. Baki kawai aka koya mini, aka kuma ce ba a so.

Kin san abin da na yi? Jira. Na ce za su gane kuskurensu. Kullum safiya in sa kayan in je gindin tsamiyar da ke kallon biro in zauna, don in an neme ni kada a wahala. Rabi tana wankewa, tana zuba gawayi a dutsen guga, tana gogewa. Na je kantunan masu sayen gyaɗa, suka ce na tsufa da koyon sikeli. Na je wurin manyan 'yan kasuwar gari ko za su so mai yi musu magana da Nasara. Suka yi mini shimfiɗa, suka ba ni goro, suka rako ni har ƙofa. Sai daga baya na gane. Duk ranar da aka sanar da lanho, wato kuɗin kai, ko ɗibar mutane aikin hanya, ko kama ɗan wani soja, Nasara ne ya faɗa, amma da muryata suka ji. Shi ya koma ƙasarsu, muryar ta zauna da su gari ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Laifin wanda ya ari bakina ya gama da shi ya yar nake gani, kuma har in mutu ina gani.

Rumbu ya yi ƙasa. Rabi ta fara matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. 'Ya'yana suna cin gumin mace, ni ina zaune cikin fararen kaya ina gadin ƙofar da aka kore ni. Wata rana ta ajiye dutsen guga ta ce, "Malam, gawayin da nake ƙonawa kan kwat ɗin ga, da tuwo na dafa da shi da ya fi." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da na sami abin mayarwa.

Ana nan sai ƙanenki, Kawu Tanko, ya aiko daga Tsibiri. Kin san shi, ba ya roƙo, ba ya lallashi. Ga saƙon duka: "A ce da ɗan Yaya ina da ramukan baba ba mai motsa su, ɗiyana sun bi motocin gyaɗa. In yana jin yunwa shi zo, in bai ji shi zauna."

Na tafi da tsofaffin kaya, na bar fararen a akwati. Aikin karofi, wurin rini, ba shi da tausayi ga wanda ya fara shi da furfura: jan ruwa, ɗaukar toka, motsa baba da muciya safe da yamma har kumfa ta taso. Makon farko ko sujada ba na iyawa sai da nishi. Warin kuwa, Inna, ya fi na curinki ƙarfi, amma dangi ne. Ranar da ya fara shiga hancina sai da na waiwaya, na ɗauka zanenki ne ya wuce.

Sai dai akwai abin da ban yi ba. Ban tsoma hannu ba. In naɗe hannuwana da tsumma, in riƙe muciya daga can sama. Kin san hannun marini, shuni ya shiga farce, ya shiga tsagar fata, sabulun duniya ba ya fid da shi. Wa zai tsayar da mai irin wannan hannu kusa da kumandan yana miƙa takarda? Muddin hannuna yana fes, ƙofar biro ba ta rufe ba. Haka nake gani.

Marina suka sami abin yi. Da baba ya fara tsatsafo da kumfa sai wani ya ɗaga murya, "Tafinta, taho ka juya muna, mi ramin ga ka cewa?" Wani ya amsa daga can, "Cewa yake amarya ta zo da ƙunshin lalle, a yi mata sannu." Su kwashe da dariya. Da fari abin yana ƙona ni. Daga baya na lura duk wanda ya fi yi mini ba'a shi ke fara turo mini ƙwaryar fura.

Karofinsu yana da al'adar da Kawu ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Mai koyo ba ya fara rini da kayan mutane. Da tufarsa yake farawa, wadda ya sa har ta san jikinsa, don in ya ɓata shi zai ji zafin, sannan ya sa ta ranar kasuwa kowa ya ga aikinsa. Sai ya yi haka ake miƙa masa zanen wani, sai ya yi haka ya zama marini mai rabonsa. Kafin nan ɗan abin da mai motsa baba ke samu ne, wanda ba ya riƙe gida. Na je kasuwa na yanko sabon fari na kawo. Kawu ya shinshina shi ya miƙo mini. "Wanga bai san ka ba. Kawo mai guminka." Rigunana na gida duk sun riga sun sha shuni. Ni da shi mun san farar tufa ɗaya gare ni, mun kuma san inda take. Na naɗe farin na koma bakin rami. Rani ya wuce, damina ta shigo ta fita, ina motsa baba, Rabi tana tuya.

Da kaka sai ga gardi bisa keke har karofi. Kumandan zai fita rangadi ƙauyukan gulbi, saurayin nan kuwa ƙurkunu ya kwantar da shi. Ana nemana. Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, muciya ta faɗa rami ban tsaya ciro ta ba. A ƙafa na isa Maraɗi ban ji tafiyar ba. Rabi ta hura gawayi, ta zuba a dutsen guga.

Na yi aikin kamar ban taɓa bari ba. Ranar ƙarshe muka sauka Jiratawa. Aka ajiye wa kumandan kujera a inuwa, aka tara dattawa ana maganar iyakar fadama. Daga bayan danga ina jin lugude, iska tana kawo warin ɗanyen baba. Kabarinki yana nan bayan gari, ban sami zuwa ba, don tafinta ba ya motsi sai an sallame shi.

Da aka tashi sai wata tsohuwa ta fito daga bayan dangar, ta ranƙwafa, hannuwanta jiƙe da ɗanyen baba. Dela ce, maƙwabciyarki, 'yar gidan Azna masu bin addinin gargajiya, wadda kuke lugude tare. Ni ban gane ta ba, ita ta gane ni. Ba ruwanta da kumandan, ba ruwanta da gardi. Ta cafke wuyan hannuna tare da bakin hannun kwat, ta ɗaga kai tana kallona.

"Kai ne wanda uwarsa ta yar da kunya dominsa?" in ji ta. "Dubi furfura! Ni na buɗe yatsunta ranan, da ni da wata. Har ta mutu, in aka ambaci Maraɗi sai ta dubi hannun nan."

Ta sake ni ta koma dakanta. Na duba, ga shatin yatsunta shuɗi kwance kan farin kwat. Abin da na fara ji haushi ne, na mayar da hannun baya kamar yaron da ya saci goro. Kumandan ya riga ya gani. A mota ya ce, ko juyowa bai yi ba, in an sake kirana in zo da tsabta. "Tsoho" yake ce mini tun fitarmu. Mutum biyu ke nan da ba su kira sunana ba: ke don ya yi miki nauyi, shi don bai taɓa tambaya ba. A ƙofar biro kukunsa ya miƙo mini kifin gwangwani, ya ce in an buƙace ni za a aiko.

Na tsaya a wurin da kifin a hannu, sai saurayin nan mai ƙurkunu ya faɗo mini a rai. Na daɗe ina tsine masa a zuci. Ran nan na ga shi ma ɗan wata ne, daga hannun wata aka ɓamɓaro shi, tasa ranar kuma tana tafe.

Rabi ta wanke kwat, ta sa toka, ta sa lemun tsami, ta shanya. Yatsun suna nan. Ta ce, "Bari in karya bakin hannun ciki in ɗinke, ba mai gani." Na karɓa na daɗe ina kallo. Sau ɗaya na taɓa ɓoye irin wannan shaida a cikin hannun riga, kuma duk da haka ta ɓace. Na ce ta bar shi.

Da safe na naɗe kwat da wando na kama hanyar Tsibiri. Da marina suka ga abin da na warware sai ba'a ta tsaya cak. Kawu ya ɗaga murfin ramin da ya fi nuna, ya ɗanɗana ruwan da harshe, ya ja da baya. Na kwance tsumman hannuna. Na jiƙa kwat da ruwa, na durƙusa, na tura shi cikin baba har gwiwar hannu. Da ɗumi, Inna. Duk tsawon zamana a bakin ramin nan ban san yana da ɗumi ba. Na ciro shi kore shar, iska ta buge shi yana juyawa shuɗi ina kallo. Na sha ganin haka a hannun wasu, amma a nawa sai na yi ta juya shi kamar ban taɓa gani ba. Kawu ya ce, "Mayar. Kuma ka matsa a hankali, ba lanho kake karɓa ba." Aka fashe da dariya, har da ni.

Bai yi kyau ba. Yadin Nasara ne mai tauri, ya sha a nan ya ƙi a can, maɓallan suka tsaya farare kamar haƙoran mai dariya. Yatsun Dela sun fi ko'ina duhu, har yau ana ganinsu. Na sa shi ranar kasuwa yadda al'ada ta ce, Tsibiri ta yi dariya ta ƙoshi. Washegari wata mata ta kawo zane. Kawu ya karɓa, ya miƙo mini, bai ko dube ni ba. Jininku ɗaya.

Gardin ya sake zuwa daga baya. Na ɗaga masa hannuwana biyu. Ya duba, ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya juya kekensa.

Kada ki ɗauka na ci riba da duniya. Sana'ar da rana ta yi wa yamma na shiga. Kantuna sun cika da atamfa mai araha, matan gari sun fi son ta, ramukan da ake cikewa da ƙasa a Tsibiri sun fi waɗanda ake ginawa. Kawu ya biyo ki, ramukansa suna hannuna. Buzaye da Fulani da tsofaffin ƙauye ne ke riƙe da mu. Bayana ya lanƙwashe. Faransancin yana zubewa kaɗan-kaɗan, wani lokaci nakan zagi muciya da shi don kada ya ruɓe mini a ciki. Yanzu ana ta maganar Nasara za su tafi, 'yan lakwal za su hau kujeru. Ina ganinsu suna wucewa cikin mota da fararen kaya. Wasunsu ni na koya musu yadda ake tsayuwa gaban kumandan. Ba su ganina, ni ma na daina ɗaga hannu.

Shekarun da ya kamata in yi kusa da ke, ina ɗaukar miki kwandon ganye daga fadama, ba wanda ya mayar mini da su. Wannan ban yafe ba, malamai sun yi mini wa'azi har sun gaji. Amma gidana yana cin tuwon hannuna. Rabi ta huta da tuya, sai ranar da ta ga dama. Dutsen guga kuwa ƙofa yake tokarewa. Baban da nake rini da shi daga Jiratawa nake saye, wurin jikokin Dela, kuma duk zuwa ina tsayawa a kanki in daɗe, ba mai sallamata sai ni.

Jiya da na zauna alwala na tsaya ina kallon hannuwana. Shuni ya wuce wuyan hannu, ya rufe daidai inda kika riƙe. Malamin lakwal ya mutu, sabulunsa ya ƙare. Wannan karon ba ya ɓacewa, masu wankana na ƙarshe ma sai dai su bar shi yadda suka same shi. Da shi zan zo miki. In a can ma kunya ta hana ki kiran sunana, ba komai, Inna. Ki dubi hannun, za ki gane ni.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Kawu. Dela kuma, shi ya san zuciyarta, ya yi mata sauƙi. Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa mu inda ba mai ɓamɓare hannun uwa daga na ɗanta. Amin.

Ni ne ɗanki na fari,
"kai wanga",
marini a karofin Tsibiri.